ƊAKI GUDA MA GIDA NE

A wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tambaya ce na zo da ita wadda ta hana ni sakat kwana da kwanaki, kuma ina so mu zauna mu tauna ta tare. Tambayar ita ce: idan talaka ya sayi ɗan filinsa da guminsa, ya gina ɗaki guda a tsakiyar masu manyan gidaje, wa ke da ikon ce masa ba a nan ba? Mu kuma da muke jin kunyar ƙaramin gida, kunyar me muke ji?

Abin da ya jawo maganar Goggona ce, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Tsibiri ta ƙasar Maradun tun ina 'yar shekara biyar har na tafi sakandare. Wannan baiwar Allah sau biyu ana raba ta da gida. Na farko tana yarinya, a tsohuwar Maradun, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato. An gama madatsar a 1978, ruwa ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, aka mai da su sabon matsuguni. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ji labarin yadda manoma suka tare hanyoyi suna neman diyyarsu, da yadda 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980. Gwamnatin lokacin ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen ƙasa kuwa ɗaruruwa suke lissafawa. Na biyu kuma bayan ta manyanta, mijinta ya rasu, 'yan bindiga suka hana ƙauyuka barci, ta tattara abin da za ta iya ɗauka ta baro Tsibiri ta zo Talata Mafara inda nake aure.

Wata bakwai ta yi a wurina. Maigidana bai taɓa ɗaure mata fuska ba, Allah ya saka masa, amma Goggo ba ta sake ba ko kwana ɗaya. Kun san halin tsofaffinmu da kunyar suruki, tari ma sai ta danne shi idan yana gida. Wata rana da hantsi ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, ina son ki nemo min dillalin hili." Ashe ta riga ta sayar da saniyarta ɗaya da ta tsira da ita, da tumaki huɗu, da 'yan kunnen zinarenta na aure, ta haɗa da kwasar adashi. Abin da kuɗin ya iya saya shi ne rubu'in fuloti, ƙafa 25 da 50, can bakin gari inda ake ta yanka gonaki. Ta sa magini ya tayar mata da ɗaki guda sha-biyu-sha-biyu na jar ƙasa, aka yi rufin kwano, aka haƙa masai, aka kewaye da dangar kara.

Ranar da na je gani, wallahi sai da gabana ya faɗi. Dama da ita katafaren gida ne mai get, hagu kuma wani bene ake ɗorawa, ɗakin Goggo a tsakiya kamar an ajiye akurki. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce, "Haba Goggo, wannan ai ba gida ba ne, mutane sai su ce mun yar da ke." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Mi kika sani game da gida? Inda ni kwana ba mai ce min tashi, shi na gida." Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Da na koma na yi ta juya maganar, sai na gane ba Goggo nake ji wa ba, kaina nake ji wa. Tsoro nake kada ƙawayena su ga inda uwar riƙona take. Kuma a nan dole in faɗi laifina da na 'yan'uwana marubuta. Ku ɗauko littattafan da na rubuta ku duba, a cikinsu wane saurayi ne ya kai amaryarsa ɗaki guda labarin ya ƙare da daɗi? Kullum bene ne, falo uku, maigadi ya wangale get, amarya ta taka kafet har idon sawu. Idan muka sako ɗaki guda a labari, to wurin wahala ne, inda tauraruwa take kuka kafin Alhaji ya zo ya cece ta. Mu muka shuka wannan a zukatan 'yammata, sannan mu dawo muna mamakin yarinyar da ta kori malamin firamare mai mutunci saboda ciki da falo kawai ya mallaka.

To ba a yi wata biyu da tarewarta ba sai ga matar mai get ta shigo, da fara'arta da sallamarta. Ta ce, "Inna, ba don komai ba, Alhaji ya ce ko za ki sayar masa da wurin nan ya ninka miki kuɗinki, ki koma can ciki inda 'yan'uwanki suke. Kin ga nan unguwa ce da ake son tsari, wannan danga tana ɓata layi." Goggo ta ce, "Hajiya, na gode, ki gaida Alhaji. Ban saidawa." Bayan kamar mako uku aka wayi gari wasu ma'aikata sun zo sun shafa jan fenti a jikin ɗakin. Duk wadda ta zauna a gari ta san ma'anar jan fenti, katafila ce ke biye da shi. Na tarar da ita zaune bakin ƙofa ko karin kumallo ba ta yi ba. Abin da ta ce min har yau yana kunnena: "Ruwa sunka tashe ni, bindiga tat tashe ni, yanzu kuma hwanti?"

A ranar raina ya gama yanke hukunci cewa zalunci ne tsantsa, masu kuɗi sun haɗa kai da hukuma. Amma da maigidana ya ɗauki mai unguwa da dillalin da shaidu aka sake jan igiya, sai gaskiya ta fito rabi da rabi. Dillalin ya ci hanya. Ya sayar wa Goggo har da ƙafa shida na inda aka bari don titi da lambatu, kuma a kan wannan wurin dangarta da masanta suke. Ɗakin kansa yana cikin haƙƙinta. Aka janye danga, aka cike masai aka haƙa wani a ciki, ɗaki ya tsira. Ma'aikatan suna da gaskiya a kan ƙafa shida. Hajiya kuwa ba ta da gaskiya ko ta taƙi ɗaya, domin ita ba hanya ce ta dame ta ba, ganin ɗakin ne ba ta so.

Wannan shi ya koya min cewa dokar tsara gari iri biyu ce, ko da yake riga ɗaya suke sawa. Akwai wadda take kare maƙwabci daga cuta, akwai kuma wadda take kare idon mai hali daga ganin talaka.

Ta farko ba mai hankalin da zai ƙi ta. Idan kowa ya gina inda ya ga dama, ina motar ɗaukar mai naƙuda za ta bi da tsakar dare? Idan aka toshe hanyar ruwa, damina ba ta karanta takardar ciniki, gidan wanda ya toshe da na wanda bai toshe ba duk za ta shiga, kuma ginin ƙasa shi ke fara zubewa. Idan aka haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabta, amai da gudawa ba ya tambayar wa ya yi laifin. Idan danga ta manne da danga babu tazara, gobarar hunturu ɗaya ta isa ta lashe layi. Saboda haka kada wadda ta fake da talauci ta ce doka ba ta hau kanta ba. Talauci ba ya halatta wa mutum cin hanyar jama'a, kamar yadda dukiya ba ta halatta ba.

Ta biyun ita ce abin tsoro, kuma tana da tsohon tarihi a ƙasar nan. A 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa wadda ta raba mazauni, Turawa a unguwarsu, 'yan ƙasa a tasu, aka kuma tsara a bar fili na yadi 440 tsakani wanda ba a gini a cikinsa. Hujjar da suka bayar ita ce kada sauro ya kwaso zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Da Turawa suka tafi a 1960 unguwannin ba su tafi ba, manyanmu suka tare a ciki, tunanin ma ya zauna daram. Yau ba a cewa sauro, sai a ce tsari, a ce ana ɓata layi, amma ma'anar ɗaya ce: matsa can, kada in buɗe taga in gan ki.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. A Amurka, musamman bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 da mutane da yawa suka rasa gidajen da suka saya da bashin banki, wasu sun koma gina 'yan ƙananan gidaje, waɗansu ma a kan tayoyi ake ɗora su a ja da mota. A ƙa'idar gininsu, ƙaramin gida shi ne wanda faɗin cikinsa bai wuce ƙafa murabba'i 400 ba. Ku lissafa, ɗakinmu na sha-biyu-sha-biyu ƙafa murabba'i 144 ne, ke nan abin da suke kira ɗan mitsitsin gida ya kusa ɗakunanmu uku. Da yawanmu a ƙasa da haka aka haife mu aka yi mana tarbiyya. To su ma da suka gina, sai ga matsalar inda za a ajiye. Unguwanni da yawa na bayan birni suna da dokar cewa gida ba zai gaza kaza ba a girma, mai tayoyi kuma a ɗauke shi a matsayin motar yawon buɗe ido wadda ba a yarda a zauna cikinta dindindin ba. Maƙwabta su taru su ce zai karya darajar gidajensu. Sai a hankali wasu garuruwa suka sassauta, kamar Firesno ta jihar Kalifoniya wadda a 2016 ta yarda a ajiye irin wannan gida a bayan babban gida. Kun ga ashe Hajiyar Goggo tana da 'yan'uwa har a ƙetaren teku.

Yanzu bari mu zo kan kuɗi, domin akwai wani abu da mai babban gida ba ya lura da shi. Mutane suna ɗauka ƙaramin gida araha ne, alhali talaka shi ke biyan tsada. Masai ɗaya ake haƙawa ko ɗaki guda ne ko goma. Ƙofar waje ɗaya ce, kuɗin dillali da na shaidu da na takarda duk suna nan. Mai sayen rubu'in fuloti idan aka auna ƙafa da ƙafa ya fi mai sayen gona sukutum biya. Mai kuɗi yana sayen siminti tirela guda a farashin sari, ita kuwa bazawara buhu ɗaya-ɗaya take saye, kafin ta tara na gaba farashi ya tashi. A farkon 2023 buhun siminti yana wajen Naira 5,000, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar da faɗuwar Naira, a 2024 sai da ya haura Naira 10,000. Kwano da katako da ƙusa duk suka bi sahu. Fili ma haka. Garuruwan nan namu uku kowanne ya fitar da gwamna, Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima a 1999, Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Bello Matawalle a 2019. Garuruwa sun buɗe, ga ɗalibai masu neman haya, ga mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro, gonar gero ta jiya ta zama fuloti yau. Saboda haka idan kika ga ɗaki guda a tsaye, kada ki raina shi, wataƙila abin da aka sadaukar kafin a tayar da shi ya fi na benen da ke kusa da shi.

Kuma in tambaye ku, ƙasar ta wa ce? Dokar amfani da ƙasa ta 1978, shekarar da aka gama Bakolori, ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, filin cikin birni shi ke ba da izininsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Kalmar da nake so ku riƙe ita ce amana. Amanar jama'a ba ta masu get ce kaɗai ba. Idan za a yanka sabuwar unguwa a ce duk fuloti sai 50 da 100 ko fiye, kuma gini sai na bulo mai zane, to an riga an kori bazawara da ɗan gudun hijira da sabon ango tun kafin su zo, ba tare da an ambaci sunansu ba. Su kuma ba ɓacewa za su yi ba, za su faɗa hannun masu awon igiya, su gina a kan hanyar ruwa, gobe a zo da katafila a ce sun karya doka. Da a ce a cikin awon gwamnati ana ware ƙananan filaye masu takarda daidai ƙarfin talaka, da jan fenti ya ragu.

Wata za ta ce, to Malama, kina nufin mu haƙura da duk inda miji ya jefa mu? A'a, ban ce ba. Muhalli haƙƙin mace ne a kan mijinta gwargwadon halinsa, kamar ci da sha da sutura. Namijin da yake da hali ya cusa mace da 'ya'ya bakwai a ɗaki guda, balagaggu maza da mata suna kwana wuri ɗaya, shi kuwa yana tara kuɗin ƙarin aure, wannan ba ƙana'a yake koya miki ba, tauye ki yake, kuma kina da bakin magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake cewa shi ne a bambance ƙunci da ƙanƙanta. Gidan da babu sirri, babu makewayi mai tsafta, babu iska, wannan ƙunci ne ko da bene ne. Gidan da yake ƙarami amma ya rufa asirin masu shi, wannan ba shi da aibi. Ɗakunan matan Manzon Allah (SAW) a Madina ƙanana ne, har an ruwaito mutum yana iya taɓa rufinsu da hannu, kuma ba a yi matan da suka fi su daraja ba.

Ga 'yar shawara ga duk wadda Allah ya hore wa ɗan abin da za ta sayi fili, ko daga gado ko adashi ko sana'a, don kada abin da ya sami Goggo ya same ta. Ki tambaya tun farko, awon gwamnati ne ko awon igiya. Kada ki yarda da bakin dillali shi kaɗai, a kira mai unguwa da maƙwabtan filin a ja igiya a gabansu, a nuna miki inda hanya ta bi. Ki je ki ga wurin da damina bayan an ɗauke ruwan sama, a nan za ki san ko tafki ake sayar miki. A rubuta takarda da shaidu, kuma da sunanki, ba sunan miji ko wa ko ƙane ba, komai daɗin da kuke yi yau, domin mutuwa da rabon gado ba sa sallama. In da hali ki bi takardar har hukuma ta san da ita. Masai kuma a nisanta shi da rijiya, taki da ta maƙwabta.

Ke kuma da Allah ya ɗaga, kike cikin gida mai get, ki tuna mutanen tsohuwar Maradun ma da gidajensu suka kwana, mutanen ƙauyukanmu ma da rumbunansu cike aka kore su. Ba wadda ta san inda za ta ƙare. Idan ɗakin maƙwabciyarki ya toshe hanya ko ya turo miki ƙazanta, ki yi magana, haƙƙinki ne. Idan kuwa abin da ya yi miki kawai shi ne ya tsaya inda idonki ke kaiwa, to ciwon yana zuciyarki, can za ki nemi magani.

Goggo tana nan a ɗakinta. Ta dasa zogale da lalle a bakin danga, tana sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, kuma abin dariya, 'ya'yan Hajiya sun fi kowa zama a tabarmarta. Ran nan na kai mata ziyara da ƙawayena biyu, waɗanda a da nake ɓoye musu wurin, muka zauna a 'yar inuwarta muka sha fura. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "To marubuciya, yaushe za ki sa ɗaki irin nau cikin littahinki, a ƙare lahiya?" Na ce mata in Allah ya yarda a na gaba. Na kuwa fara, amaryar ciki ɗaki guda aka kai ta, kuma ba wani Alhaji da zai zo ya ɗauke ta.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu gida lafiya, ya ba marasa muhalli nasu komai ƙanƙantarsa, amin. Inda na yi kuskure ku yafe ni.

Taku har kullum,
'Yar mutan Tsibiri.